Makaranta a gefen masana'anta: wace hanyar awon iska ce ta dace da ku?

Duk makarantar da ke maƙwabtaka da masana'anta ta san wannan damuwa. Yara na tari a aji, malamai na rufe tagogi da rana tsaka saboda wari, iyaye na tambaya, idan kuma aka je wajen kamfani sai a ce a kawo hujja. A Kano, lokacin da aka ware Bompai da Sharaɗa da Challawa domin masana'antu, kusan bayan gari ne. Yau gari ya je ya tarar da su, da gidajensa da islamiyyoyinsa da makarantun kuɗi. Haka abin yake a Kakuri ta Kaduna, da garuruwan da ke kusa da kamfanonin siminti irin su Kalambaina a Sakkwato, Ashaka a Gombe, da Malbaza a Nijar.

Idan ƙungiyar iyaye da malamai ta yanke shawarar auna iskar da yara ke shaƙa, hanyoyi biyar ne a gabanta: ƙaramar na'urar sensa, bututun ratayewa, bokitin ɗaukar iska, injin tace ƙura, sai cikakkiyar tashar awo. Ra'ayina tun daga farko shi ne kada ku zaɓi na'ura sai kun san gubar da kuke zargi. Na'urar da ta fi farin jini, mai nuna lamba da launi a waya, ba ta ganin yawancin gubar da masana'antu ke fitarwa, kuma makarantar da ta dogara da ita kaɗai za ta iya kwantar da hankalin iyaye a kan abin da bai kamata a kwantar ba.

Ku fara da sanin maƙwabcin

Kowace sana'a da irin abin da take zubarwa a iska. Majema tana amfani da farar ƙasa da sinadarin salfaid wajen cire gashi daga fata, shi ya sa ake jin warin ruɓaɓɓen ƙwai, wanda iskar haidurojin salfaid ce, da kuma amoniya mai yaji a hanci. Idan ana ƙona ragowar fatar da aka jeme da kuromiyam, hayaƙin zai iya ɗauke da nau'in kuromiyam mai haddasa cutar kansa. Matatar mai da defon mai suna fitar da benzin, wani sinadari da ke cikin man fetur, wanda an tabbatar yana jawo kansar jini, da kuma iskar salfa. Kamfanin siminti da injin fasa dutse ƙura ce babbar matsalarsu. Masu narka tsohon batir da ƙarafa su ne mafi haɗari ga yara, domin dalma ba ta da wari, kuma tana taɓa ƙwaƙwalwar yaro taɓawar da ba ta gyaruwa. Masu narka roba da leda kuma hayaƙinsu gauraye ne na abubuwa da yawa.

Hukumomi ma haka suke farawa. A ƙarshen 2008 jaridar USA Today ta fitar da bincike kan iskar da ke kewaye da makarantun Amurka sama da dubu 120, abin da ya tayar da hankalin iyaye. A 2009 hukumar kare muhalli ta ƙasar, EPA, ta zaɓi makarantu sama da 60 a jihohi 22 ta kafa kayan awo. Ba abu ɗaya ta auna a ko'ina ba. Kowace makaranta an duba masana'antar da ke kusa da ita, aka tsayar da sinadaran da za a bi diddiginsu, aka kuma kafa ma'aunin alƙiblar iska a gefe. A wasu makarantun jihar Ohio, ƙarfen manganis ne ya fito da yawa, abin da ƙaramar sensa ba za ta taɓa nunawa ba.

Maganar alƙiblar iska tana da muhimmanci a wajenmu ƙwarai, domin iskarmu tana juyawa da yanayi. Da hunturu daga arewa maso gabas take busowa, ɗauke da ƙurar Sahara, musamman daga kwarin Bodele na Chadi. Da damina kuma daga kudu maso yamma take zuwa. Makarantar da ke kudu maso yammacin kamfani da hunturu za ta fi shan hayaƙi, wadda ke arewa maso gabas kuma da damina. Wanda ya auna a lokacin da iska ke kwashe hayaƙin zuwa wani ɓangaren zai samu sakamako mai daɗi, amma na ƙarya. Sannan da sanyin safiya iska ba ta tashi sama, hayaƙi yana kwanciya ƙasa-ƙasa har sai rana ta yi zafi, kuma daidai lokacin ne yara ke tsaye a filin asambuli.

Abubuwan da na auna kowace hanya da su

Na farko, me take gani: ƙura ce, ko iskar gas, ko ƙarfe? Na biyu, yaya take da lokaci: tana nuna minti bayan minti, ko matsakaicin wata guda, ko ɗan lokacin da aka ɗauki samfur kawai? Na uku kuɗi, kuma kuɗin nan iri biyu ne, na saye da na riƙo, na biyun shi ne ke kashe yawancin irin waɗannan ayyuka. Na huɗu juriya ga zafin bazara da ƙurar hunturu da ɗaukewar wuta. Na biyar, ko malamin kimiyya na makarantar zai iya tafiyar da ita ba sai an kira ƙwararre ba. Na ƙarshe haɗari, wato yadda za ta iya yaudarar ku, da kuma ko hukuma ko kotu za su karɓi sakamakonta.

Farashin da zan kawo da dala ne ko fam, saboda kusan duk kayan daga waje suke zuwa, kuma naira ba ta zama wuri ɗaya. Ku ƙara kuɗin jigila da na kwastan a kai.

Ƙaramar sensa

Wannan ita ce irin su PurpleAir da AirGradient, da kuma waɗanda cibiyar AirQo ta Jami'ar Makerere a Uganda ke ƙerawa domin biranen Afirka. Girmanta bai wuce kofin shayi ko ƙaramin akwati ba. A cikinta akwai 'yar fanka da ke jawo iska ta gaban hasken lesa, na'urar kuma tana ƙirga ƙwayoyin da suka gitta, ta aika lamba zuwa intanet kowane 'yan mintuna. Abin da take aunawa shi ne ake kira PM2.5, wato ƙwayoyin hayaƙi da ƙura waɗanda faɗinsu bai wuce maikiromita 2.5 ba, masu shiga har cikin lungunan huhu. Hukumar Lafiya ta Duniya a ƙa'idojinta na 2021 ta ce kada matsakaicin yini ya wuce maikirogiram 15 a kowace mita kubik ta iska, na shekara kuma kada ya wuce 5.

Kuɗinta tsakanin dala 200 ne zuwa 300. Masu zuwa da sola da layin waya nasu sun fi haka tsada nesa, wasu ma kuɗin shekara-shekara ake biya. Kafa ta ba wuya: a ɗaura ta a bango ƙarƙashin inuwa, nesa da janareta da wurin dafa abinci, a haɗa ta da wuta da intanet. Wutar da take ci kaɗan ce, ƙaramar sola da batir sun ishe ta, amma dole a samu mai kula da sayen data. Idanun cikinta kan gaji bayan shekara biyu zuwa uku, a wuri mai ƙura kuma kafin haka.

Alherinta shi ne lokaci. Ita kaɗai ce a cikin masu araha za ta nuna muku cewa hayaƙi na tashi ƙarfe bakwai na safe ya sauka ƙarfe goma, ko yana ƙaruwa ranakun aiki ya ragu ranar Lahadi. Da wannan hedimasta zai iya matsar da lokacin wasanni ko ya gajarta asambuli tun kafin a je ko'ina kai ƙara.

Rauninta kuwa sai an faɗe shi dalla-dalla, domin masu sayarwa ba sa faɗa. Kamar maigadi take wanda ke ƙirga mutum nawa suka shigo ta ƙofa amma bai san wane ne ɓarawo ba. Hayaƙin itace, ƙurar hanya, ƙurar dalma, duk lamba ɗaya suke a wajenta. Benzin da haidurojin salfaid kuwa ba ta ganinsu sam, domin gas ne, ba ƙwayoyi ba. Akwai masu nuna wata lamba ta jimillar sinadarai masu tashi a iska, amma wannan lambar tana tashi da turare ko fenti ko man goge hannu, ba ta faɗin sunan komai. Sannan bincike ya nuna irin waɗannan idanu suna rasa mafi yawan ƙura mai kauri, wadda ita ce ta siminti da ta dutse, suna kuma ƙara gishiri idan iska na da laima. Da hunturu hazo kaɗai ya isa ya ninka ƙa'idar Hukumar Lafiya sau da yawa, don haka idan kuka kai wa manaja lambar sensa ɗaya, amsarsa a shirye take: "Ai hazo ne, Malam, duk gari haka yake." Maganin wannan amsa shi ne sensa biyu iri ɗaya, ɗaya a makarantarku, ɗaya a wata makaranta mai nisa da kamfanin ta ɓangaren da iska ke fitowa. Kafin a raba su a rataye su wuri ɗaya na sati biyu, a tabbatar bakinsu ɗaya. Bambancin da ke tsakaninsu bayan an raba su shi ne abin magana.

Bututun ratayewa

Wannan tsohuwar dabara ce tun shekarun 1970, kuma ina ganin ita ce aka fi rainawa alhali ta fi dacewa da halin da muke ciki. Ɗan bututun roba ne mai tsawon kamar santimita 7, a can ƙarshensa akwai 'yar raga da aka shafa wa sinadarin da ke kama gas ɗin da ake nema. Ba wuta, ba batir, ba intanet. Malami zai hau tsani ya ɗaure shi a jikin turke, sama da inda hannun yara ke kaiwa, bakinsa na kallon ƙasa, ya cire murfin, ya rubuta rana da lokaci da lambar bututun. Bayan sati biyu zuwa huɗu ya mayar da murfin, ya sake rubuta lokaci, a aika ɗakin gwaji. Akwai na iskar naitirojin dayoksaid, na salfa dayoksaid, na amoniya, na haidurojin salfaid, da na benzin, kowanne da nasa bututun. Akwai kuma wasu ƙirar irin su Radiello da Ogawa masu aiki da dabara ɗaya.

A Ingila, inda ƙananan hukumomi ke rataye dubbansu a bakin tituna da ƙofofin makarantu, bututun naitirojin haɗe da kuɗin gwaji bai kai fam 20 ba. Na benzin ya ninka haka. Wahalar a wajenmu ita ce tafiya da dawowa, domin sau da yawa wanda ya sayar shi ne zai gwada, kuma bututun yana son a ajiye shi a firji kafin a rataye da bayan an sauke. Zafin rana kai tsaye yana ɓata shi, sai an yi masa 'yar rumfa. Kada a yi rowa wajen adadi: a rataye uku a wuri guda domin su gaskata juna, a bar ɗaya a rufe ya yi tafiyar tare da sauran, idan shi ma ya nuna wani abu an san matsalar daga hanya ce.

Ƙarfinsa shi ne yana kiran guba da sunanta, kuma da kuɗi kaɗan za a iya zagaye unguwa da shi, daga katangar kamfani zuwa makaranta zuwa bayanta, a ga yadda adadin ke raguwa da nisa. Irin wannan taswira tana da wuyar musantawa. Rauninsa shi ne matsakaici yake bayarwa. Idan kamfani na sakin abu na awa ɗaya kowace Laraba har yara su yi amai, awa ɗayar nan za ta narke cikin sati huɗu, sakamako ya fito kamar ba komai. Kuma kuskurensa kan kai kashi ɗaya cikin huɗu, shi ya sa hukumomi ke ɗaukarsa a matsayin manuniya, ba hukunci ba.

Bokiti

Bokitin an ƙirƙiro shi ne a Kalifoniya a tsakiyar shekarun 1990 domin mutanen da ke zaune kusa da matatar mai. Bokitin roba ne mai murfi da ke rufewa gam, a ciki an maƙala wata jakar leda ta musamman da bakinta ke leƙowa waje. Idan aka zuƙe iskar cikin bokitin da ɗan famfo, jakar sai ta buɗe ta sha iskar waje. Cikin 'yan mintuna an gama, a rufe, a tura ɗakin gwaji, inda za a iya gano sinadarai masu yawa a samfur ɗaya. Ƙwararru suna amfani da tulun ƙarfe maimakon jaka, shi kuma yana riƙe samfur har kusan wata guda.

Tarihinsa yana ƙarfafa gwiwa. A unguwar Diamond ta garin Norco a jihar Luwiziyana, mazauna ƙarƙashin jagorancin Margie Richard, wadda malamar makaranta ce, sun yi amfani da bokiti a gwagwarmayarsu, har kamfanin Shell ya amince a 2002 ya sayi gidajensu su tashi. A kudancin Durban ta Afirka ta Kudu, samfurin bokiti a shekarar 2000 ya nuna benzin mai yawa kusa da matatun mai, sannan binciken da aka yi a firamaren Settlers, wadda ke tsakanin matatu biyu da kamfanin takarda, ya samu kusan rabin yaran da alamun asma.

Haɗa bokitin bai kai dala 200 ba, kuma ba ya lalacewa. Gwajin ne mai tsada, ɗaruruwan daloli kowane samfur. Babbar matsalar ita ce jakar ba ta jira, cikin kwana biyu zuwa uku dole ta isa ɗakin gwaji mai injin da ke rarrabe sinadaran gas. Kada ku sayi komai sai kun samu ɗakin gwajin da ya ce zai karɓa, ya kuma faɗa muku mafi ƙanƙantar adadin da injinsa ke iya ganowa. Akwai haɗarin lafiya ma: mai ɗaukar samfur yana shiga cikin warin ne a lokacin da ya fi tsanani. Wannan aikin manya ne, ba a tura ɗalibi. Haidurojin salfaid idan ta yi yawa sosai tana kashe jin wari, mutum ya ɗauka ta wuce alhali ta ƙaru. Kamfani kuma zai ce mintuna uku ba sa wakiltar shekara, kuma gaskiyarsa ne, sai dai bokiti ba don shekara aka yi shi ba, don ranar da abin ya faru ne.

Injin tace ƙura

Idan zarginku ƙarfe ne, dalma ko kuromiyam ko manganis, ko kuma ƙurar siminti, wannan ce hanya. Famfo ne mai batir ko wuta da ke jan iska ta cikin filta na awa 24. Ana auna nauyin filtar kafin da bayan aiki, sannan a gwada ƙarafan da suka maƙale. Ƙaramin irinsa, kamar MiniVol, dubban daloli ne, don haka ba abin saye ba ne ga makaranta, abin aro ne ko na haya. A nan ne jami'o'inmu ke da amfani. Sassan kimiyyar sinadarai na Jami'ar Bayero da ta Ahmadu Bello suna gwajin ƙarafa, a Zariya kuma akwai cibiyar binciken makamashi ta jami'ar da cibiyar binciken fasahar sinadarai ta ƙasa da ke Basawa. Ɗalibin digiri na biyu da ke neman wurin bincike da makarantar da ke neman mai auna mata iska, buƙatarsu ta zo ɗaya. Ku dai yi yarjejeniya a rubuce cewa za a ba ku sakamakon, ba sai an jira kare kundi ba.

Injin yana da juriya, amma filtar tana son hannu mai tsabta da ma'auni mai kyau, yatsa ɗaya ya taɓa ta an ɓata. Kwana ɗaya kuma ba ya isa, domin iska na iya kaucewa ranar. EPA a aikinta na makarantu kwana 60 ta ɗauka tana ɗibar samfur duk bayan kwana shida.

Game da dalma akwai abin da bai kamata a manta ba. A Zamfara a 2010 yara sama da 400 suka rasu, kuma dalmar tana cikin ƙurar da ta zauna a tsakar gida da ƙasar da yara ke wasa a kai, sakamakon niƙan dutsen zinare. Ƙurar dalma tana sauka ta zauna shekaru. Don haka makarantar da ke kusa da masu narka batir kada ta tsaya kan iska: a ɗebi ƙasar filin wasa da ƙurar kan taga a gwada, wanda ya fi gwajin iska araha nesa ba kusa ba, a kuma nemi likita ya duba jinin yaran. Babu wani adadin dalma a jinin yaro da likitoci suka ce ba shi da illa.

Cikakkiyar tasha

Ita ce abin da hukumomi ke dogara da shi. Na'urar auna ƙura guda ɗaya ta wannan aji takan kai dala dubu 20, cikakkiyar tasha mai auna gas iri-iri kuma ta haura dala dubu 100, ban da ɗaki mai sanyi, wutar da ba ta yankewa, da ma'aikacin da zai riƙa daidaita ta. Sakamakonta ne ya fi karɓuwa a ko'ina. Ba makarantar da zan ba shawarar ta yi mafarkin sayen ta. Abin nema ne daga hukuma ko daga kamfanin kansa, kuma idan kamfani ne zai kafa, a nemi lambobin su riƙa fita fili kowa ya gani, wani na daban kuma ya riƙa duba ingancinta. Tashar da ba taku ba tana iya yin shiru ranar da mai ita ya ga dama: a watan Maris na 2025 Amurka ta daina fitar da bayanan iskar da ofisoshin jakadancinta ke aunawa a ƙasashe da dama, birane da yawa suka wayi gari ba su da madogara.

| Hanya | Abin da take gani | Lokaci | Kuɗi | Juriya | Sauƙi | Babban haɗari |
|---|---|---|---|---|---|---|
| Ƙaramar sensa | Hayaƙi da ƙura mai laushi | Minti bayan minti | Dala 200 zuwa 300, da data | Shekara 2 zuwa 3 | Malami zai iya | Ba ta ganin gas ko ƙarfe |
| Bututu | Gas ɗaya a kowane bututu | Matsakaicin sati 2 zuwa 4 | Araha, amma ana maimaitawa | Sau ɗaya ake amfani | Malami zai iya | Yana ɓoye tashin ɗan lokaci |
| Bokiti | Gas iri-iri | 'Yan mintuna | Ɗaruruwan daloli kowane gwaji | Ba ya lalacewa | Sai an koya | Samfur na lalacewa a hanya |
| Injin tace ƙura | Ƙarafa da ƙura mai kauri | Awa 24 | Dubban daloli, gara aro | Mai ƙarfi | Sai ƙwararre | Kwanaki kaɗan na yaudara |
| Cikakkiyar tasha | Ƙura da gas | Awa bayan awa | Sama da dala dubu 100 | Sai da kulawa | Sai ma'aikaci | Ba a hannunku take ba |

Littafin da ke ba sauran daraja

Duk hanyar da kuka zaɓa, ku sayi littafin rubutu mai bango ku ajiye a ofishin hedimasta. Kowane shafi a ja layuka: rana, lokaci, irin warin (ruɓaɓɓen ƙwai, fetur, ƙonanniyar roba, yaji), launin hayaƙi, inda iska ke fitowa, yara nawa suka yi ƙorafi da abin da suka ce, da sa hannun malamin da ya rubuta. Tutar makaranta ta isa ta nuna alƙiblar iska. Ranar da ba a ji komai ba ita ma a rubuta, domin littafin da ba ya ɗauke da sai munanan ranaku ba wanda zai yarda da shi. Sunayen yara kada su shiga, adadi ya isa. Wannan littafi shi zai gaya muku wane bututu za ku saya, wace rana za a shirya bokiti, kuma idan lambar sensa ta tashi shi zai ce me ya faru a lokacin.

Wa ya kamata ya ɗauki wacce

Makarantar da ke ganin baƙin hayaƙi daga tukunyar kamfani, manyan janaretoci ko ƙona shara, kuma abin da take so shi ne ta san lokacin da za ta shigar da yara aji: sensa biyu, ɗaya a gida ɗaya a nesa.

Wadda ke kusa da majemu ko magudanar ruwansu, inda wari ne kullum: bututun haidurojin salfaid da na amoniya, zagaye ɗaya da hunturu, ɗaya da damina. Sensa a nan ɓarnar kuɗi ce, sai dai idan ana ƙona ragowar fata, wanda shi kuma injin tace ƙura yake buƙata.

Wadda ke kusa da matata ko defon mai: bututun benzin na watanni da dama. Idan littafi ya nuna akwai ranakun da abin ke tsananta farat ɗaya, a ƙara da tulun ƙarfe ko bokiti, bayan an tabbatar da ɗakin gwaji.

Wadda ke kusa da siminti ko injin fasa dutse: injin tace ƙura ta hanyar jami'a, kuma a yi ƙoƙari a auna a wajen lokacin hazo domin kada ƙurar Sahara ta rufe ta kamfani.

Wadda ke kusa da masu narka batir ko ƙarfe: gwajin ƙasa da ƙurar aji tukuna, a cikin wannan zangon karatu, sannan jinin yara, iska ta biyo baya. Kafin sakamako ya fito a daina sharar aji a bushe, a riƙa gogewa da jiƙaƙƙen tsumma, yara su wanke hannu kafin cin abinci.

Wadda kuma burinta hukuma ta ɗauki mataki, ko ta ga alamar maganar za ta kai kotu: ta tattara littafi da sakamakon hanya mai araha, ta rubuta takarda da sa hannun hedimasta, shugaban iyaye da mai unguwa, ta kai ma'aikatar muhalli ta jiha da ofishin NESREA, hukumar tarayya da aka kafa a 2007 domin tilasta bin dokokin muhalli, ta nemi a zo a auna da kayan hukuma a lokacin da littafin ya nuna abin ya fi tsanani. A nemi a buga hatimin karɓa a kan kwafin takardar, kuma duk samfurin da zai bar makaranta a rubuta wanda ya ɗauka, wanda ya karɓa, da lokacin da ya isa ɗakin gwaji.